Lambar yabo ta jami'a: wanda ya yi aikin ake ba, ko wanda aka gani?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Lokacin bukukuwan yaye ɗalibai ya kama, jami'o'i sun fara fitar da sunayen waɗanda za su karrama: gwarzon malami, gwarzon mai bincike, ɗalibin da ya zarce kowa, wanda ya fi hidimta wa jama'a. Ga ra'ayina, wanda bai yarda ba ya fito mu gwabza. Yawancin lambobin nan suna suke bi, ba aiki ba. Wanda aka riga aka sani shi ake ƙara wa. Da ni ke da iko, da na soke su, na zuba kuɗin bikin a ɗakin karatu.

Dakta Halima: Wa'alaikumus salam. Haba Malam, ka yi saurin yanke hukunci. Yabon gwani ai ya zama dole. Albashi ba ya bambanta malamin da ke kwana yana duba aikin ɗalibai da wanda ke shiga aji ya karanta tsohuwar takardar da ya rubuta tun yana sabon ɗauka. Ƙarin girma kuwa kowa ya san da wallafe-wallafe ake samun sa, ba da iya koyarwa ba. To in ka soke lambar koyarwa, da me jami'a za ta ce wa mutum ta ga wahalarsa? Dalilin da ya sa ke nan Ingila ta kafa shirin karrama gwanayen koyarwa na jami'o'i a shekarar 2000, don kada bincike ya cinye duk daraja.

Malam Sani: Dakta, ba ni na fara faɗa ba. Tun 1968 masanin zamantakewar nan Robert Merton ya yi bayanin cewa in sanannen masani da wanda ba a sani ba suka yi aiki iri ɗaya, yabon kan tafi wurin sanannen. Lamba ɗaya ta jawo ta biyu, ta biyu ta jawo kuɗin bincike, kuɗin ya jawo ta uku. Ki duba Jocelyn Bell Burnell. A 1967 tana ɗalibar digirin digirgir a jami'ar Kambirij ta Ingila, ita ta fara lura da siginar taurarin nan masu bugawa a kai a kai. Da aka tashi ba da lambar yabo ta Nobel kan wannan aiki a 1974, sai aka ba malaminta Antony Hewish tare da Martin Ryle. Babu sunanta.

Abba: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Mu ɗaliban digiri na biyu mun san wannan karatun, ranka ya daɗe.

Dakta Halima: Abba, yi a hankali. Na farko, Nobel ba lambar jami'a ba ce. Na biyu, ita mai abin ta sha faɗa cewa ba ta riƙe kowa a zuci ba, har ta nuna ba ta ganin ya dace a riƙa ba ɗaliban bincike Nobel sai a yanayi na musamman. Kuma Malam bai ƙarasa labarin ba. A 2018 an ba ta wata babbar lamba mai dala miliyan 3, ta ɗauki kuɗin gaba ɗaya ta bayar don a ɗauki nauyin karatun digirgir na mata da sauran waɗanda ba su da yawa a fannin fiziks. Da an soke lambobi kamar yadda Malam ke so, ina waɗannan ɗalibai za su samu?

Farfesa Garba: Na karanta abin da kowa ya rubuta. Ni damuwata ta sha bamban da ta Malam Sani. Shi yana kukan ana ba mutane kaɗan, ni ina kukan an wayi gari ana ba kowa, musamman ta ɓangaren ɗalibai.

A 2001 aka fallasa cewa kashi 91 cikin ɗari na ɗaliban da suka kammala jami'ar Harvard ta Amurka a shekarar sun fita da shaidar girmamawa. Abin ya zama abin kunya, har malaman jami'ar suka taru suka sa iyaka, kada ta wuce kashi 60. A Ingila, masu fita da digiri mai daraja ta ɗaya sun tashi daga wajen kashi 16 a zangon 2010 zuwa 2011, suka kai kusan kashi 38 bayan shekara goma. Shin ƙwaƙwalwar yara ce ta ninka? Wataƙila koyarwa ta ɗan inganta, ban musa ba. Amma jami'o'i na gasar jawo ɗalibai, malami kuma ya san ɗaliban da zai ba maki su ne za su cike takardar auna shi a ƙarshen zango. Kowa na tsoron ɓata wa kowa rai. Wanda ya cutu shi ne yaron da ya yi fice da gaske, domin takardarsa ta zama daidai da ta na bayansa.

Jami'ar Princeton ta Amurka ta gwada maganin ƙarfi a 2004, ta ce kada masu samun maki mafi girma su wuce kashi 35 a kowane sashe. A 2014 ta janye dokar, bayan ƙorafin cewa ta jefa ɗalibai cikin fargaba da kallon juna a matsayin abokan hamayya. Don haka ba na cewa gyaran mai sauƙi ne.

Abba: Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, amma ina da ja. In aji ya cika da masu ƙoƙari, don me za a ce dole sai wasu sun faɗo ƙasa? Ma'auni ya kamata a kafa, duk wanda ya kai ya samu, ko su nawa ne.

Farfesa Garba: Da ma'aunin zai tsaya wuri ɗaya, ɗana, da na bi ka. Matsalar ita ce shi ma yana saukowa a hankali, ba wanda ya sa hannu, ba wanda za a kama.

Hajiya Rabi: Ku gafarce ni malamai, ni ba malama ba ce, a ofis nake, kuma ta hannun irinmu takardun neman lambobin nan ke wucewa. Duk kuna magana kan wanda aka ba. Ku tambayi yadda sunan ya iso teburin kwamiti tun farko.

Kwamiti ba ya yawo cikin azuzuwa yana neman gwani. Abin da aka kawo masa yake karantawa. Sai wani ya zauna ya rubuta takardar gabatarwa, ya nemo wasiƙun shaida, ya haɗa hujjoji kafin ranar rufewa. Sashen da shugabansa ya iya wannan rubutu, duk shekara sai ya kwashi lamba. Sashen da shugabansa bai damu ba, ko waliyyi ne a cikinsu ba mai jin labarinsa. Wani wurin ma mutum ne zai gabatar da kansa, mai kunya kuwa ba zai taɓa yi ba.

Lambar hidima ta fi ba ni haushi. Wanda ya shirya babban taro aka ɗauki hotuna, ga hujja a fili. Wadda ta zauna da ɗalibin da ke shirin barin karatu har ya haƙura ya zauna, wace takarda za ta nuna? Sirrin yaron ne ma, ba ta da ikon bayyanawa. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje da ke gyara na'ura da dare don kada aikin ɗalibai ya lalace fa?

Dakta Halima: Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wani bincike da Cassandra Guarino da Victor Borden suka wallafa a 2017 kan jami'o'in Amurka ya gano malamai mata sun fi maza ɗaukar hidimar cikin gida, irin zaman kwamitoci, wadda ba ta cika kai mutum ga ƙarin girma ba. Haka Anne Boring ta bi takardun da ɗalibai ke auna malamai da su a wata jami'a a Faransa, ta ga ɗalibai maza na fifita malamai maza, alhali sakamakon jarrabawar ƙarshe bai nuna sun fi iya koyarwa ba. In da wannan takarda kaɗai za a zaɓi gwarzon malami, an gina abin a kan son rai.

Malam Sani: To ai kin dawo layina, Dakta.

Dakta Halima: Ko kusa. Kai ka ce a rushe, ni na ce a gyara ma'auni. A shiga aji a ga koyarwar da ido, a tambayi waɗanda suka gama shekaru biyar da suka wuce wane malami ne ya amfane su, a hana shugabannin sassa zama a kwamitin da ke duba mutanensu. Kuma kada ka raina abin da sanarwa a bainar jama'a ke yi. A 1890 aka karanta sakamakon babbar jarrabawar lissafi ta Kambirij, aka ce Philippa Fawcett ta zarce namijin da ya zo na ɗaya. Lokacin jami'ar ba ta ba mata digiri, sai a 1948 ta fara. Amma daga ranar, mai cewa mace ba ta iya lissafi sai ya nemi wata hujjar.

Malam Sani: Shekara 58 tsakani! Kin ga ke nan yabo bai sauya doka ba. Sannan masu cewa lamba na ƙara wa mutum himma, George Borjas da Kirk Doran sun bi sawun waɗanda suka ci lambar Fields ta lissafi, suka tarar wallafarsu ta ragu bayan sun karɓa, in aka gwada da takwarorinsu da ba su samu ba.

Farfesa Garba: Ka faɗi rabin da ya yi maka daɗi, Malam. Binciken nan ya kuma nuna da yawansu sun tsunduma cikin sababbin fannonin da ba su saba ba, abin da ke cin lokaci kafin ya haifar da takarda. Mutum ya samu kwanciyar hankalin da zai yi kasada. In lamba na sayo wa masani wannan, ni ban ga asara ba.

Abba: Tambaya ɗaya gare ki Hajiya. Ɗalibi na da ikon gabatar da ma'aikacin da ba malami ba? Akwai mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu da rabin ajinmu ba za su gama ba in ba don shi ba.

Hajiya Rabi: Ya danganta da dokar jami'arku, ɗana. Wasu na karɓa daga ɗalibai, wasu sai ta hannun shugaban sashe. Je ka nemi ƙa'idar a rubuce, ka duba ranar rufewa. In kun tashi rubutawa kada ku cika ta da "mutumin kirki ne", kwamiti ya gaji da ganin wannan. Ku faɗi abin da ya yi, da lokacin da ya yi shi, da abin da zai faru da aikinku in da bai yi ba, kowa ya sa hannu. Kai kuma Malam Sani, in an neme ka zaman kwamitin bana kada ka ce aiki ya yi maka yawa, don masu irin ra'ayinka ne ke ƙin zuwa, a bar mu da masu zaɓen abokansu.

Malam Sani: In za a wallafa dalilin zaɓen kowane mutum, kowa ya karanta, zan zauna. In a ɓoye za a yi, Hajiya, a nemi wani.