Tsohon gidan wayar garinmu: kayan tarihi ne ko kango?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar na bi ta gaban tsohon gidan wayar garinmu, ƙafata ta ƙi wucewa. Iska ta yaye rabin kwanon baya, awaki na kwance a baranda, ƙananan akwatunan wasiƙa da ke jikin bango sun yi tsatsa, amma har yanzu ana karanta lambobinsu. Na ga ta makarantarmu, wadda hedimasta ke aike ni da makullinta ina aji shida. Kuma ga raɗe-raɗi cewa wasu na son a rushe wurin a jera shaguna. Ga maganata, wanda zai musa ya musa: in ka cire masallacin Juma'a da fadar hakimi, duk garin nan babu ginin da ya kai shi daraja a tarihinmu. A gyara shi, a kare shi.

Nasiru: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Tarihin wa? Bature ne ya kawo gidan waya don aikin mulkinsa. Ni tun da na yi wayo ban taɓa aika wasiƙa ba. Wayar salula ta shigo a 2001, daga nan zancen ya ƙare. Ga matasa birjik ba su da wurin kasa kaya, ga fili a bakin kasuwa macizai na kwana a ciki. Shago goma a wurin nan gida goma ne za su ci abinci.

Malama Bilkisu: Nasiru bai yi ƙarya ba a kan asali, kada mu ɓoye wannan. Gidan waya na farko a ƙasar nan a Legas aka buɗe shi a 1852, reshen na Landan. Na farko a Arewa kuwa a Lakwaja ne, a 1899, kuma kamfanin Royal Niger ne ya kafa shi don harkarsa. Sunan ma ku duba shi: mun ce gidan waya, ba mu ce gidan wasiƙa ba, domin wayar tangaraho ce ta fara shiga idon mutanenmu. Ita kuwa wayar nan makamin yaƙi ce. Da mutanen Satiru suka karya sojojin Turawa kusa da Sakkwato a watan Fabrairu na 1906, ta waya labari ya isa wa Gwamna Lugga a Zungeru, ya turo runduna, kafin watan Maris ya ƙare an shafe garin. Sannan kada wani ya ce Bature ne ya koya mana wasiƙa. Tun zamanin daular Usmaniyya manzanni ke kai takardu masu hatimi tsakanin Sakkwato da sarakuna, fatake kuma suna kai saƙon talaka har Gwanja.

Nasiru: Yauwa Anti. To ai kin gama magana.

Malama Bilkisu: Ban gama ba, ƙanena. Na faɗi wanda ya kawo abin ne. Wanda ya ci moriyarsa daga baya kuwa, a tambayi su Kawu.

Kawu Audu: Na daɗe ina karantawa, jikana ne ke rubuta mini wannan. Shekara talatin da ɗoriya na yi a bayan kantar nan da kuke magana a kanta. Da na kama aiki, ma'aikatarmu ɗaya ce da ta tarho, ana ce mana P&T, sai a 1985 aka raba mu, aka yi NIPOST ta wasiƙa aka yi NITEL ta tarho. Nasiru, ɗana, ban taɓa sayar wa Bature kan sarki ba ko sau ɗaya. Kakanninka na sayar wa.

Bari in gaya muku yadda safiya take. Kafin in buɗe taga sai in zauna in juya ƙananan lambobin hatimin ƙarfe zuwa kwanan watan ranar, in buga a farar takarda in duba, domin in ka yi kuskuren kwana ɗaya a wasiƙar rajista, kai za a tuhuma. Ranar da jirgin ƙasa zai tsaya, masinja ya tura keke zuwa tasha, ya dawo da buhu a ɗaure da igiya, bakinsa a liƙe da hatimi. Ba mai yanke igiyar nan sai mu biyu muna tsaye. Kafin mu gama warewa baranda ta cika. Akwai wani malami da ke zama a gindin darbejiyar ƙofa da teburinsa da ambulan, yana rubuta wa mutane wasiƙa da boko ko da ajami, kwabo kaɗan. Tsofaffin sojojin da suka je yaƙin Bama suna zuwa neman takardunsu. Matan da mazansu suka tafi cin rani suna zuwa karɓar fasa'oda, wato takardar aiko kuɗi ta gidan waya. Wata takan miƙo mini wasiƙar ta ce, karanta mini a hankali, kada na baya su ji. Sirrin gidaje da yawa na garin nan yana cikina, da shi kuma za a binne ni.

Yara nawa ne suka yi karatu ta wasiƙa suka ci jarrabawar Landan ba su taɓa barin garin nan ba? Takardar samun gurbi a kwaleji, takardar kiran aiki, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, duk ta tagar nan suka shigo mana. In wannan ba tarihinmu ba ne, ku gaya mini na wane ne.

Goggo Hadiza: Allah ya ja kwana Kawu, ka sa ni hawaye. Shekarar da maigidana ya tafi Kurmi neman kuɗi, wata bakwai ban ji ɗuriyarsa ba, ga goyo. Duk ranar jirgi sai in aiki ƙanensa. Ranar da wasiƙar ta zo, fam biyu ne a fasa'oda, lokacin ba a yi canjin kuɗi ba, sai 1973 naira ta zo. Takardar tana nan cikin adakata, kan sarkin ma bai ɓare ba. Mu mata ba mu da wani ofishin gwamnati da muka sani sai wannan da asibiti. Ko katin zaɓi sonka da muke aika wa Rediyo Kaduna a gaishe da 'yan uwa, ta nan yake bi.

Nasiru: Kawu, Goggo, ku yi mini afuwa, ban raina abin da kuka gani ba. Amma duk abin da kuka faɗa a zukatanku yake da cikin adaka, ba a jikin bulo ba. A ɗauki muryarku a waya, a rubuta a littafi, ya isa. Wa zai sayi kwano? Wa zai biya maigadi? Mu da ko rijiyar burtsatse ta lalace sai an yi wata ana karo-karo.

Injiniya Sani: Nasiru, zo Kaduna in kai ka Gamji ka ga wata 'yar gadar ƙarfe. A Zungeru Lugga ya kafa ta a 1904, lokacin garin ne hedikwatar Arewa baki ɗaya. Aka dawo da mulki Kaduna, a 1954 aka kwance gadar aka kawo ta nan, yanzu tana cikin kayan tarihin ƙasa, 'yan makaranta na zuwa kallo. Zungeru kuwa, garin da aka haifi Azikiwe a 1904, aka haifi Ojukwu a 1933, yawancin gine-ginen wancan zamani sun zama kufai. Baƙo in ya je ya ce a nuna masa, sai dai a nuna masa tushen gini cikin ciyawa. Labari in ba shi da wurin da za a ɗora hannu, jikoki ba sa gaskata shi.

Batun kuɗi kuwa, na duba ginin nan da sallar bara. Bangon lafiya lau yake, ba tsaga. Rufi ne da tagogi. Wannan bai kai kuɗin gina shago goma ba.

Barista Umar: Wani abu da ba a taɓo ba: ginin ba na ƙaramar hukuma ba ne, ba kuma na hakimi ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar gidan waya cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke iko da su. Don haka ba mai hurumin rushewa a nan, mu ma ba mu da hurumin ɗora kwano sai da izinin NIPOST a rubuce. Shigar da gini cikin kayan tarihin ƙasa aikin hukumar gidajen tarihi ce ta tarayya, wadda dokar 1979 ta kafa. Amma Malam, gaskiya ɗaya ce, ban ga alamar za su ɗora namu a sahun Gidan Makama na Kano ba. Kowane babban gari yana da irin gidan wayarmu.

Malam Habu: Barista, ba na neman Abuja ta san shi. Mu nake so mu san shi. Kano tana da Gidan Makama da badala, mu kuwa me muke da shi? Gini ɗaya ne tak da kowane gida a garin nan, na mai kuɗi da na talaka, Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙon da ya zo aikin jirgi, ya taɓa tsayawa a ƙofarsa.

Malama Bilkisu: In za a gyara, sharaɗina ɗaya: a rubuta tarihin duka a bango, har da Satiru. Kada a wanke Bature. Sannan Kawu, littattafan rajistar nan fa? A wurina sun fi bulon daraja, sunayen iyayenmu ne da sa hannunsu da dangwalen yatsansu.

Kawu Audu: Da na bar aiki suna cikin kabad ɗin ƙarfe a ɗakin baya, tare da sikelin auna wasiƙa da hatimin. In gara ba ta riga mu ba.

Nasiru: Ni har yanzu ina kan bakana game da shaguna, ko da a gefen filin ne a bar ginin a tsakiya. Amma littattafan nan ina son ganinsu, kakana ya yi aiki a tasha, wataƙila sunansa na ciki. Barista ya rubuta takardar neman izini. Kawu, in an amsa, ni zan zo da mashin in ɗauke ka, kai ka san wane kabad ne.