Neman kalma: me za mu kira "fiyushan" da Hausa?

Malama Binta, Ringim:
Assalamu alaikum malamai. Ana buƙatar kalmar da za a sa a darasin makamashi na 'yan sakandare. A kunnen yaro "fiyushan" da "fishan" kusan ɗaya ne, alhali kishiyoyi ne. Fishan shi ne tsaga cibiyar zarra mai nauyi irin ta yuraniyam, kamar yadda ake yi a ƙaramin injin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Fiyushan kuwa cibiyoyi biyu marasa nauyi ne ke zama ɗaya, abin da ke kunna rana ke nan. Na biyun nake nema wa suna.

Injiniya Lawan, Dambatta:
Wa alaikumus salam Malama. Mu duba aikin tukuna. Ana ɗaukar nau'i biyu na haidurojin, diyuteriyam da tiritiyam. Cibiyoyinsu caji iri ɗaya gare su, don haka ture juna suke yi, ba sa yarda su taɓa sai zafi ya wuce digiri miliyan 100. Can cikin cibiyar rana zafin miliyan 15 ne kawai, amma nauyinta na danne su. Mu ba mu da wannan dannin, shi ya sa muke biya da zafi. In sun taɓa, sai a sami hiliyam guda da niyutiron guda, wato ƙwaya mara caji. Nauyin abin da ya fito ya ɗan gaza wanda aka zuba, giɓin nan shi ne makamashin, kuma kusan kashi 80 cikin 100 niyutiron ɗin ke tafiya da shi. Bangon tukunyar da ake aikin a cikinta ya tare shi ya ɗau zafi, ruwa ya zama tururi, tururi ya juya janareta. Ni "haɗewar nukiliya" nake cewa.

Auwalu mai sola, Kazaure:
Injiniya, ranka ya daɗe, "narkewar zarra" fa? Ko "gaurayar zarra"?

Malam Isiyaku, Gumel:
Auwalu, ajiye su duka biyun. Gauraya ita ce ta gero da dawa a buhu ɗaya, kowa yana nan yadda yake, mai haƙuri ya tsince. Hiliyam kuwa sabon abu ne. Narkewa ta fi haɗari, domin in aka gwama ta da nukiliya, hatsarin tashar nukiliya ta Canobil a 1986 mutane za su tuna. "Haɗewa" ba laifi, sai dai ta yi faɗi: hanyoyi ma suna haɗewa, kai har motoci. Ina ba da "dunƙulewa". Abu biyu aka matsa da ƙarfi suka zama curi guda, kamar fura a tafin hannu, kuma ba a dunƙulawa sai da matsi. Kishiyarta "tsagewa".

Dakta Maryam, Kiyawa:
Allah ya gafarta Malam, ta zauna daidai, har da wani dalili. Tsagewa wutar daji ce, kowace cibiya da ta tsage tana tsaga wasu, aikinka shi ne taka mata birki. Dunƙulewa kuwa da ka saki matsi ta tsaya. Man da ke cikin tukunyar a lokaci guda 'yan giram ne, ba zai gudu ya fi ƙarfin masu shi ba.

Amma Malama, kada a ce wa yara wutar ta kusa shigowa ƙauye. A Disambar 2022 a Kalifoniya aka harba leza, wato tsinken haske mai ƙarfi, guda 192 a kan ƙwayar mai da ba ta wuce ƙwayar masoro ba: megajul (ma'aunin makamashi) 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito. Sai dai lezar kanta ta sha kusan megajul 300 daga layin lantarki. Na'urar gwaji ta JET a Ingila ta ba da megajul 69 cikin kusan daƙiƙa 5 a 2023, kuma abin da ta ci ya fi haka. Babbar na'urar gwaji ta ITER da ake ginawa a kudancin Faransa burinta a zuba megawat 50 na zafi a sami 500, ba za ta sayar wa kowa lantarki ba, kuma gwajin cikakken man diyuteriyam da tiritiyam an ɗaga shi zuwa 2039.

Matsalolin da suka fi tsaya mini a rai uku ne. Diyuteriyam akwai shi a ruwan teku, amma tiritiyam rabinsa na lalacewa duk shekara 12 da 'yan watanni, dole tashar ta riƙa samar da nata daga litiyam ɗin da aka jera a bango. Niyutiron kuma yana cin ƙarfen bangon, ya sa shi gautsi. Sannan filazma, wato man da ya zama iska mai tsananin zafi, takan kuɓuce wa maganaɗisun da ke riƙe ta ta daki bango cikin ƙiftawar ido.

Malama Binta, Ringim:
Na gode ƙwarai. Na rubuta "dunƙulewar nukiliya" da "tsagewar nukiliya". Saura sunan tukunyar da ake aikin a ciki, tokamak.

Malam Isiyaku, Gumel:
Sunan Rashanci ne, a bar shi, a bi shi da bayani: gammon maganaɗisu. Siffarta ta gammo ce sak, zobe mai rami a tsakiya, filazma na zagayawa a cikin naɗin ba tare da ta taɓa gefe ba.

Injiniya Lawan, Dambatta:
Na karɓa, Malam. A ƙara wa yara cewa maganaɗisun ITER sai an sanyaya su zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, 'yan mitoci kaɗan daga filazma mai zafin digiri miliyan 150.