Garin cikfi ya ƙi haɗa jiki, a ina nake kuskure?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu girki da garin waken cikfi, wanda Indiyawa ke kira besan, ku agaza min. Likita ce ta ce in rage cin fulawa, shi ne na koma wannan garin, tunda ba shi da gulutin, wato sinadarin da ke sa ƙullin fulawa danƙo, kuma a giram 100 akwai furotin kusan giram 22.

Abin da nake son yi shi ne burodin nan mai faɗi na birnin Nis a Faransa, wanda suke kira soka. Nakan dama gari kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya, man zaitun cokali biyu da ɗan gishiri, in ajiye shi minti 30, sannan in zuba a kasko. Sau huɗu ke nan ina gwadawa. Gefe yakan gasu har ya yi ja, amma tsakiya sai ta tsaya caɓa-caɓa, ga ɗacin ɗanyen wake da ya ƙi fita. Da na zo juyawa kuwa, sai ya farfashe min a kan cokali. Yara ma sun daina tambaya ko an gama.

Wata ta ce in ƙara mai, to ai ni gudun maiƙon nake yi.

Shin ƙullin ne ya yi kauri, ko wutar ce ta yi yawa? In na fara soya garin a busasshen kasko, ɗacin zai tafi? Kuma idan ƙullin ya kwana a firij, zai rage kumburin cikin da yake sa ni?