Wace kalma za mu sa wa "transient" a ilimin falaki?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ana fassara wani bayani kan ZTF (Zwicky Transient Facility), shirin duba sama da madubin hangen nesa da ke dutsen Palomar a Kalifoniya, kalmomi uku sun cije: survey, variable da transient. An kawo "safiyo", "mai ƙyaftawa" da "mai wucewa". Me kuka gani?

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. Safiyo auna fili ne sau ɗaya a tashi. ZTF kuwa tun 2018 komowa yake yi: hoto na daƙiƙa 30, ya matsa gaba, bayan kwana biyu ko uku ya dawo wuri guda ya ga me ya sauya. Wannan sintiri ne. A ce "sintirin sama".

Malamar Falaki: Na yarda da sintiri. Amma "mai ƙyaftawa" kuskure ne, Malam. Ƙyaftawar da ido ke gani iskar duniyarmu ce ke jawo ta, tauraron bai yi komai ba. Variable kuwa tun daga can inda yake haskensa ke hawa da sauka. Tauraron Algol yana dusashewa duk bayan kwana 2.87 domin wani tauraro abokin tafiyarsa na gifta gabansa, tauraron Mira kuma kumbura yake yana sacewa a kusan kwana 332. "Mai sauya haske" ya ɗauke su duka.

Mai Fassara: To transient fa, ranki ya daɗe?

Malamar Falaki: "Mai wucewa" zai kai mai karatu ga duwatsun da ke yawo a sama, su ne kuma ake faman tacewa. Shi transient ba ya motsi. Yana bayyana inda da babu komai, ya yi kwanaki ko watanni, ya ɓace. Sinawa sun kira fashewar tauraro ta 1054 baƙon tauraro. Ina ganin "baƙon haske" ya fi, tunda ba duka ne taurari ba.

Mai Sarrafa Bayanai: Yadda ake kama shi ma yana goyon bayan Malama. Ana tara tsofaffin hotunan wuri a haɗa hoton asali. Sabon hoto ya zo, a daidaita shi da na asali tauraro kan tauraro, a daidaita kaifinsu domin iskar daren jiya ba ta yau ba ce, sannan a ɗebe ɗaya daga ɗaya. Mazauna wurin su share, baƙo ya rage. Ba a kula ɗigo sai ya ninka hayaniyar hoton, wato ƙananan sauye-sauyen haske na banza da ke cikin kowane hoto, sau 5.

A nan ɓarnar take. In daidaitawa ta goce kaɗan, tauraro zai bar tabo rabi fari rabi baƙi, kwamfuta ta ɗauka sabon abu ne. Ga ƙwayoyin sararin samaniya masu bugun kyamara, ga layin da tauraron ɗan'adam ke ja. Shi ya sa ake neman a ga ɗigon sau biyu, da tazarar kamar minti 30. In ya gusa, dutse ne.

Malamin Fiziks: A fassara a kula da ma'aunin haske, lambarsa a juye take: in ta ƙaru, abin ya ƙara dusashewa. Mataki 5 ninki 100 ne na haske. Ido na tsayawa a 6, ZTF na kai wa wajen 20.5. Madubin Rubin da ke Cerro Pachón a Chile, mai faɗin mita 8.4, yana kai wa wajen 24 a hoto ɗaya, ana kuma sa ran sanarwar ganin sauyi a sama kusan miliyan 10 kowane dare.

Mai Fassara: Tauraron da ke nan tun da, ya yi tartsatsi na mintuna ya koma fa?

Malamar Falaki: In yana cikin hoton asali, mai sauya haske ne. In dusashewarsa ta hana hoton asali nuna shi, za a rubuta shi baƙon haske har sai madubi mafi ƙarfi ya gano mai gidan.