Ƙanena na son nutso wurin shak a Bahar Maliya, ku ba ni shawara

Sanusi: Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena da ke karatu Alƙahira ya nace sai ya je nutso wurin kifin shak ɗin nan mai fari a bakin fiffike. Ina ya kamata ya nufa, kuma wane wata?

Hajiya Rabi: Ka hana shi. Inna ta san da maganar nan?

Laminu: Elphinstone, wani wurin nutso ne a teku kusa da garin Marsa Alam na Masar. Daga Oktoba zuwa Disamba aka fi ganinsu. Masu jiragen can longimanus suke ce mai.

Issufu: Sanusi, ni na je, kuma ba kifin ya ba ni haushi ba, mutane ne. Na bi wani kamfani saboda araha. Mun taso sama, kwalekwalen da zai ɗauke mu bai iso ba, muka yi ta shawagi kamar ƙwarya a gulbi, alhali a saman ruwa wannan kifi ya fi matso mutum. Ɗaya ya zo, tsawonsa ya kusa mita 3, ƙananan kifaye masu zane suna biye da shi, ya goge ni a takalmin iyo har na ji kaushin fatarsa. Ashe mai dafa abincin jirgin sauran nama yake zubawa a ruwa. Ka ce ma yaron ya fara samun takardar PADI, wato shaidar horon nutso, ya yi nutso da yawa a wuri mai sauƙi. In ya gamu da shi ya tsaya a tsaye, ya zuba mai ido, kada ya ware daga jama'a, kada ya yi ta fantsama ƙafa.

Hajiya Rabi: Kun ji ko? A Sharm el-Sheikh ma ai ya kashe wata Bajamusa a Disamban 2010.

Habu Direba: Yaron ya taɓa ƙetare tabkin Madarumfa ma?

Sanusi: Habu, ka bar raini, tun yana ƙarami yake iyo a gulbi da damina.

Habu Direba: To wai ana cin naman shak ɗin?

Malam Sabi'u: A Malikiyya dabbar ruwa halal ce. Amma wannan ya kusa ƙarewa saboda cinikin fiffikensa, tun 2019 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin masu gab da ɓacewa.

Laminu: Issufu, nawa ka kashe duka-duka, da sefa?

Hajiya Rabi: Sanusi, ba ka amsa mini batun Inna ba.