Wace kalma za mu tsayar wa "vibrate" a Hausa?

'Yan uwa masu fassara da malaman kimiyya, ina roƙon mu tsayar da magana ɗaya a kan kalmar Ingilishi "vibrate", domin kowannenmu yana ba ta sunan da ya fara zo masa, har ɗalibi yakan karanta littattafai biyu bai gane cewa abu ɗaya ake nufi ba.

Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17 daga kalmar Latin "vibrare", wadda Rumawa ke faɗa idan mayaƙi yana kaɗa mashinsa. Daga tushen nan ne kuma aka samo Vibrio, sunan ƙwayar cutar kwalara da Filippo Pacini ya bayyana a Italiya a 1854, saboda irin motsin da take yi. A kimiyya ma'anar ta ƙara tsukewa: abu ya riƙa kai da komo da sauri, a ɗan taƙi kaɗan, ba tare da ya bar mazauninsa ba, kamar tsirkiyar gurmi bayan an taɓa ta. Ana ƙirga yawan kai-komon a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin hertz, kuma kunnen ɗan Adam yana jin abin da ke tsakanin 20 da kusan 20,000.

A cikin sunayen da ake ba ta, girgiza ta yi girma da yawa. Mun riga mun ba ta ƙasa, muna kuma girgiza kai da bishiya da gorar nono, duka motsi ne da ido ke iya bi. Karkarwa da makyarkyata na mai rai ne, sanyi ko tsoro ko zazzaɓi ke kawo su, kuma ba na jin daɗin a ce injin niƙa yana makyarkyata. Kai-komo kuwa bai ɗauke da sauri, shi ya sa ake faɗinsa har ga mai zaryar asibiti.

Ni dai jijjiga na zaɓa. Ginin kalmar kansa, da aka ninka gaɓar farko, yana nuna aikin da ake maimaitawa babu tsayawa, kuma direbobi da makanikai sun daɗe suna cewa mota tana jijjiga idan injinta bai zauna daidai ba. Tana karɓar kowane irin gini: waya tana jijjiga, sauti ya jijjiga fatar ganga, a sa wayar a jijjiga kafin a shiga masallaci. Na san za a ce jijjiga ma takan yi ƙarfi, kamar yadda ake jijjiga mai barci, amma idan aka yi ta amfani da ita a aji da cikin littafi, ma'anar kimiyya za ta zauna mata.

Saura "oscillate", wadda ake yawan haɗa ta da "vibrate". Tushenta na Latin yana nufin lilo ne, kuma motsinta ya fi faɗi da jinkiri, irin na ƙarfen nan da ke reto a agogon bango. Ita sai mu bar mata lilo, kada jijjiga ta ɗauki kaya biyu.