Wa Zai Ɗauki Bido Cikin Bazara? Musayar Waƙa Tsakanin Ɗaliban Damagaram

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta ɗalibai masu kula da muhalli tana tsara aikin shekara, an ce kowa ya kawo shawara. Ga tawa cikin baiti, mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Rabbu zan fara,
Mai rayar da ƙasa bayan mutuwa.

Salati ga Manzo, sannan ni
In zo kan batun da ke min damuwa.

Ran 3 ga Agusta duk shekara
Mukan cika harabar jami'a dasawa.

Ranar 'yancin Nijar ce, tun 1975
Aka haɗa ta da bikin itatuwa.

Mu tona rami, mu sa dashe,
Mu tafa hannu, kowa na murmusawa.

Damina ta ba shi ruwa kyauta,
Har Satumba yana ta tohowa.

Hunturu ya zo da ƙurarsa,
Ganye ya yi ja ya fara zubewa.

Afrilu ta kama, rana ta take,
Zafi ya wuce 40 yana ƙaruwa.

Ku je bayan amfi, babban ɗakin lacca, ku duba yau,
Sai tsinke a rami, babu inuwa.

To wa zai ɗauki bidon ruwa cikin bazara?
Ku ba ni amsa, ya 'yan uwa.

'Yar Mirya:

Yaya Ɗan Birni, na ji kukanka,
Bari in ɗora a kan zancenka,
Amsar tana gona, kusa da gidanka,
Wurin manoma, sassaben zamani.

Babana bai taɓa sayen dashe ba,
Bai ɗau tulu ya kai wa icce ba,
Kututture ne bai yarda a tone ba,
Saiwarsa na raye a ƙasa tun tuni.

In toho ya fito kamar goma,
Ya bar biyu uku masu girma,
Ya sassabe saura lokacin noma,
Shekara kaɗan icce ya yi amfani.

Bi hanyar Matamaye har Magarya,
Ka ga gawo jere, ba ƙarya,
Inda fari ya bar ƙasa sai ƙaya
A 1984, tambayi masani.

Gawo da damina kan zubar da ganye,
Inuwarsa daga kan hatsi ya janye,
Takin da ya zuba ƙasa ta shanye,
Ya ciyar da bisashe tsakiyar rani.

A filin bayan ɗakunan kwana
Na ga tohon aduwa da idona,
Da kalgo da sabara irin na gona,
Mu kewaye su, shi ne magani.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun farfaɗo da hekta kusan miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Iyayenmu ne suka yi, da adda da lauje.

Na Zango:

Ƙannena, ku ɗan tsaya tukuna,
Akwai abin da ya fi ƙarfinmu.

Hayaƙin da ya ɗumama duniya,
Shin ya taso ne daga murhunmu?

Masana'antun Turai, Amurka da Sin
Suka tara shi a sama bisa kanmu.

Afirka kaf, in an yi lissafi,
Ƙasa da 4 cikin 100 ne rabonmu.

A 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawari a Kopenhagen,
Dalar Amurka biliyan 100 duk shekara ga irinmu.

A 2015 aka ƙulla yarjejeniyar Paris,
Zafi bai fasa hawa ba a garinmu.

Satumbar 2024, wa zai manta?
Ruwa ya kayar da tsohon masallacinmu.

Ginin ƙasa da kakanni suka ɗaga a Birni
Ya zama tarin laka gaban idonmu.

Wata shekara fari, wata ambaliya,
Manomi ya kasa gane daminarmu.

Ga gari bisa dutse, ruwa na nesa,
Daga Gogo da Machaya ake jawo namu.

Da bazara bido ke kwana a layin pampo,
Ga-ruwa ya tsawwala kuɗi a kanmu.

In ɗalibi bai samu na wanka ba,
Da wanne za a shayar da dashenmu?

Mai Buta:

Yaya Na Zango, ka faɗi gaskiya,
Bashin nan ba ma yafewa ko dala.

Amma ruwan da kake tambaya
Yana kwarara sau biyar wurin alwala.

Buta nawa ake juyewa a yini
Gaban masallaci kafin a ta da salla?

Yana kwanciya nan ya zama caɓi,
Sauro ya yi gida, babu mai kula.

Mu tona 'yar hanya, mu jera duwatsu,
Ta kai shi gindin bedi, ba matsala.

Na nesa kuma a binne masa tulun ƙasa,
A cika, ya riƙa tsatsa, ba wahala.

A gangare mu tona rami mai siffar rabin wata,
Ruwan sama ya zauna maimakon ya malala.

Hadisi ya ce Musulmin da ya dasa icce,
Ko tsuntsu ya ci, sadaka ce da falala.

'Yar Sabon Gari:

Kun yi ta icce, kun manta leda,
Ta ruwan sanyi, ta ƙosai, ta gyaɗa,
A sha a yar a ƙofar amfi da fada,
Iska ta rataye ta a kan ƙaya.

Ta toshe kwata, ruwa ya shiga ɗaki,
Awaki su haɗiye ta, haka tumaki,
Mahauci ya farka ciki ya yi mamaki,
Ya ciro ƙullinta daga tumbin tunkiya.

Tun 2014 doka ta hana ta,
Har yau kasuwa ba ta rabu da ita,
Mu a jami'a mu fara rage ta,
Kowa da gorarsa da jakar kaba ɗaya.

'Yar Mirya:

Da yamma na karanta wa Baba mai gadi baitocin nan a bakin ƙofa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ma yana da nasa, in rubuta yadda ya faɗa. Ga su:

Allah shi yi muku albarka, 'ya'yana,
Bedin bakin ƙofar nan dashena,
Ruwan wankin kofin shayi da na kwanona
Nake zuba masa kullum kafin in kwana.
Ƙishirwa da sauƙi, wannan ganina,
Awakin unguwa ke shigowa da rana,
Lokacin hutu kun tafi gida gona,
Ni kaɗai ke bin su da sandana.
Shingen kara abincinsu ne, ku ji batuna,
Ƙayar magarya ita ce ke hana,
Ku dasa kaɗan, kowanne a ba shi suna,
Sunan mai shi a ƙarfe, a ɗaure ya zauna,
In ya bushe mu san wanda za mu nuna,
In ya gama karatu, ƙane ya gaji inda ya tona.

Ya kuma ce in gaya wa 'Yar Sabon Gari a ajiye ganga biyu kusa da masu sayar da abinci, shi zai riƙa tuna wa yara su jefa leda ciki.

Na Zango:

Baba ya yi magana, na ɗauka,
A sa sunana a jikin 'yar kuka,
Asabar, kafin rana ta buɗe duka,
Zan zo da baro mu ja hanyar alwala.

Amma batun bashi yana nan daram,
A shirya muhawara, a gayyato malam,
Manoman Mirya su zo Damagaram,
Su koya mana sassabe bayan salla.

Mai Buta, ka tambayo mana liman inda za a fara tonon. 'Yar Mirya, ke za ki zagaya da mu filin bayan ɗakunan kwana mu sa wa tohon alama. Mai shebur ko diga ya rubuta sunansa a ƙasa, muna kuma neman mai amalanke da zai ɗauko mana ƙaya.